Wasiƙa daga Landan: Yadda ake rabon gurbin sauka a Heathrow

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu na gida.

Ina rubuto muku daga Landan a kan wani abu da fasinja ba ya gani a jikin tikitinsa, alhali kuwa shi ne yake yanke wane kamfani zai ɗauke shi, da ƙarfe nawa, kuma a kan nawa, wato gurbin sauka da tashi, lokacin da aka ware wa kamfani don jirginsa ya sauka ko ya tashi a filin jirgin sama.

Titin jirgi biyu kacal gare shi filin Heathrow, kuma tun 2001, lokacin da aka ba da izinin gina zauren fasinjojinsa na biyar, aka ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara. Ya daɗe yana dab da cike wannan adadi, ga shi kuma a 2024 fasinjoji kusan miliyan 84 suka bi ta cikinsa. Duk wanda ya tsaya a unguwar Hounslow da magariba zai ga fitilun jirage sun jeru a sama, wani na bin wani, kusan kowane minti ɗaya da rabi sai ɗaya ya ratsa ta saman rufin gidaje. Waɗanda layi bai zo kansu ba suna can suna shawagi a wurare huɗu da aka keɓe a kewayen birnin, suna ƙona mai.

Ba gwamnati ce take raba gurabe ba, ba kuma masu filin ba. Wani kamfani ne mai zaman kansa, Airport Coordination Limited, yake rabawa sau biyu a shekara, na bazara da na hunturu. Ƙa'idar da ake bi a filayen da suka cika maƙil ita ce, kamfanin da ya yi amfani da gurbinsa kashi 80 cikin ɗari a kakar bana shi zai ci gaba da riƙe shi a irin wannan kaka baɗi. An yi haka ne don kada wani ya kama wuri ya bar shi fanko, amma a aikace ƙa'idar ta mayar da gurbi abin gado, shi ya sa British Airways yake riƙe da kusan rabin guraben Heathrow. Baƙo kuwa sai dai ya jira ragowa, ko ya buɗe bakin aljihu, domin a Birtaniya ana cinikin gurbi. A 2016 an ba da rahoton cewa Oman Air ya biya dala miliyan 75 a kan gurbin sauka ɗaya da sassafe haɗe da na tashi. Tsoron rasa irin wannan dukiya ne ya sa a farkon annobar korona aka ga jirage suna tashi kusan babu kowa a ciki, har sai da aka jingine ƙa'idar na wani lokaci a watan Maris na 2020.

Wannan ne ya sa yarjejeniyar sufurin sama tsakanin ƙasa da ƙasa ba ta wadatarwa. Takarda tana ba kamfani izinin zuwa Landan, amma ba ta ba shi minti ko ɗaya a kan titin Heathrow, kuma dalilin ke nan da ya sa Air Peace ya fara da filin Gatwick a 2024. A ganina, masu cewa ba a nuna wa kowa bambanci sun faɗi gaskiya a kan takarda, sai dai tsarin kansa yana fifita wanda ya riga kowa zuwa.

Ƙarin titi ne zai kawo sauƙi, amma nan ma da sauran rina a kaba. Kwamitin da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Howard Davies ya ba da shawarar titi na uku a 2015, majalisa ta amince a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta taka wa shirin birki a Fabrairun 2020 saboda alkawuran sauyin yanayi, kotun ƙoli ta warware hukuncin a Disamba, sannan gwamnati ta sake goyon bayansa a Janairun 2025. Tushen wahalar shi ne an bar gari ya kewaye filin, ta yadda titin ba zai shimfiɗu ba sai an rushe ɗaruruwan gidaje a ƙauyukan Longford da Harmondsworth, an kuma bi da babbar hanyar M25 ta ƙarƙashinsa. Turkiyya ta zaɓi gina sabon fili a bayan birnin Istanbul, ta kwashe jirage zuwa can a 2019. Idan titin Heathrow na uku ya tabbata, ƙa'idar yanzu ta ce a fara tayin rabin sababbin guraben ga sababbin shiga, kuma ina ganin a nan ne za a fi kai ruwa rana da tsofaffin kamfanoni.

Wassalam,
ɗan'uwanku daga Landan.