Fatsar kifin dawisu da koton gashi a magudanan ruwan Miyami

Masunci da ya saba sammako ko fitar magariba sai ya sake lissafi idan ya zo neman kifin dawisu a kudancin jihar Fulorida ta Amurka. Wannan kifi da rana yake farauta, da ido yake neman abincinsa, kuma abincin nan kusan duk ƙananan kifaye ne masu gudu. Daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta take ruwa ya ɗumama, shi ne lokacinsa. Da dare ba ya ci. Duk wata dabara ta kama shi daga wannan hali nasa take fitowa.

Asalinsa kogunan Amurka ta Kudu ne, kuma danginsu ɗaya da karfasa, sai dai shi mafarauci ne mai faɗin baki. Jikinsa ruwan zinare ne da kore, da baƙaƙen zane uku a tsaye a gefe, da wani baƙin ɗigo mai kewayen rawaya a gindin wutsiya irin na gashin dawisu. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Fulorida ce ta zuba shi a magudanan ruwan birnin Miyami daga 1984, a ƙarƙashin jagorancin masanin kifi Paul Shafland, kimanin 'ya'yan kifi 20,000 zuwa 1987, sannan aka buɗe kamunsa a 1989. An kawo shi ne don ya rage baƙin kifayen da suka cika magudanan, musamman wata karfasa mai ɗigo-ɗigo wadda asalinta daga Afirka ta Yamma take. An amince a sake shi saboda sanyi da gishiri sun yi masa iyaka: idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos yakan mutu, ruwan teku ma ba ya yi masa. Magudanan gundumomin Miyami-Dade da Broward an haƙa su ne cikin dutsen farar ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa na Biscayne yana ratsowa cikinsu yana riƙe musu ɗumi a lokacin hunturu. Duk da haka tsananin sanyin Janairun 2010 ya kashe su da yawa, musamman a magudanan arewa.

A fatsa da koton gashi, ba koton ke da nauyi ba, igiyar ce. Koton ƙugiya ce aka ɗaure mata gashin tsuntsu ko gashin jelar barewa ko zaren roba mai ƙyalli har ta yi kama da ɗan kifi, ita kuwa igiya mai kauri ita ake kaɗawa gaba da baya ta ɗauki koton ta kai shi. Sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 7 ko 8, ita ta fi dacewa. Lamba 6 tana iya kifin, amma tana wahala da koto mai idon dalma idan iska ta taso, kuma ba ta da ƙarfin juyo kifi daga gindin gada. Lambar tana nuna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya: lamba 8 kusan giram 13.6 ne, lamba 6 kuwa giram 10.4. Kwarkwaron naɗe igiya ba sai mai tsada ba, don kifin dawisu ba ya dogon gudu, yawancinsu da hannu ake jawo su.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen zaɓen igiya. Wadda aka yi don ƙasashen sanyi takan yi laushi ta riƙa danƙo cikin zafin Fulorida, ta manne a zoben sanda, ta harɗe a ƙafa, jifa ya gajarce. A sayi wadda aka rubuta don ƙasashen zafi, mai tasowa saman ruwa. Ita kaɗai ta isa yawancin shekara. Mai nutsewa a hankali tana da amfani bayan an yi sanyi, lokacin da kifin ya sauka ƙasa.

Zaren gaba, wato siririn zaren da ke tsakanin igiya da koto, ƙafa 8 ya isa: ƙafa 4 na mai ƙarfin laba 40, ƙafa 2 na laba 25, ƙafa 2 na ƙarshe na fulorokabon (wani zaren roba mai wuyar gani a ruwa) mai laba 16 zuwa 20. Kifin ba shi da haƙora masu yankewa, don haka ba a bukatar waya, amma bakinsa kaushi gare shi, ga dutsen bangon magudana yana cin zare. Bayan kowane kifi ka shafa inci 6 na ƙarshe da yatsa. In ka ji gurzuwa ka yanke ka sake ɗaurewa, domin kifin da ya fi girma shi ke tsinka zaren da aka yi wa ganganci. A ɗaura koto da ƙulli mai barin ɗan zobe, ba wanda ke matse idon ƙugiya ba, saboda koton ya samu sakewar kaɗa kai idan an ja shi.

Koto uku sun wadatar. Na farko Clouser Minnow, mai idanun dalma ko tagulla da ke sa shi nutsewa da ka, ƙugiyar tana kallon sama don kada ta riƙa kama dutse. Na biyu Deceiver, marar nauyi, wanda ke tafiya dab da saman ruwa. Na uku mai kan kumfa ko toshiya da ke fantsama ruwa yana ƙara. Tsawon inci 2 zuwa 3 da rabi, ƙugiya lamba 4 zuwa 1/0. Launin kore mai haske da fari yana aiki ko'ina, ruwan lemo da rawaya ko zinare suna kama da 'ya'yan karfasa da danginta da kifin ya saba ci. A matse kunnen ƙugiya, wato 'yar ƙayar da ke hana ta fita, da filaya kafin a fara. Cire ta daga bakin kifi ya fi sauƙi, haka ma daga wuyan mutum, don koto mai dalma yakan dawo da ƙarfi idan iska ta karkatar da jifa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, mai launin ƙasa-ƙasa ko tagulla, dole ne: yana kare ido, kuma in babu shi ba za ka ga kifin ba.

Magudanan nan, irin su Tamiami, Snapper Creek, Cutler Drain, Black Creek, Snake Creek da tafkunan da ke gefen filin jirgin saman Miyami, bangonsu a miƙe yake. Akwai ɗan tudu marar zurfi a bakin gaɓa, daga nan sai ruwa ya faɗa zurfi kai tsaye. A leɓen wannan tudun kifin ke tsayawa. Saboda haka jifa zuwa tsakiyar magudana ɓata lokaci ne. Ka tsaya ka jefa a tsawon gaɓa, koton ya bi leɓen tudu tun daga farko har ƙarshe. Ka fi mai da hankali ga bakin kwalbati, ƙafafun gada, mahaɗar magudana biyu, ƙarshen magudana inda ta toshe, tarin duwatsu, da inuwar bishiyar da ta sunkuya kan ruwa. Ka yi tafiya a hankali, ƙafa biyar ko shida daga bakin ruwa, rana a bayanka ko a gefe, amma ka lura kada inuwarka ta riga ka faɗawa kan tudun. Jifa mai nisa ba shi ne gwaninta a nan ba. Ƙafa 20 zuwa 40 ne yawanci, kuma sau da yawa akwai shinge ko bishiya ko titi a bayanka, sai ka iya jifan da ake murɗa igiya daga kan ruwa ba tare da kai ta baya ba. Igiyar da ka zube a ƙasa takan kama ciyawa, kwandon da ake ɗaurawa a ƙugu yana maganin wannan.

Jan koto shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne masu zuwa daga wani irin kamu suke faɗuwa. Koto na sauka, ka sunkuyar da kan sanda har ya kusa taɓa ruwa, ka danne igiya da manuniyar hannun da ke riƙe da sanda, ka riƙa fizga da ɗaya hannun, inci 8 zuwa 12 kowace fizga, da sauri kuma ba a jere daidai ba. Za ka ga kifin ya taso ya biyo koton, hancinsa dab da wutsiyarsa. Hannu yakan so ya sassauta don a ba shi dama ya kama. Kada ka sassauta. Ɗan kifin gaske da ya ga mafarauci a bayansa ƙara gudu yake yi, to wanda ya tsaya ya tona asirin kansa, sai ka ga kifin dawisu ya juya ya koma ƙasa. Ka ƙara sauri. In igiya ta ƙare a hannunka, ka ja koton da sandar kanta a gefen gaɓa, da yawa a nan ƙarƙashin ƙafa suke kamawa. In ya kai sara ya kuskure, maida koton nan take wuri ɗaya, yakan sake kawowa sau biyu ko uku. Idan kuma ka ga wasu na bin wanda ka kama, abokin tafiyarka ya jefa kusa da shi, don ƙanana a garke suke yawo. Lokaci ɗaya da ake sassautawa shi ne kwana biyu ko uku bayan an yi sanyi: a bar Clouser ya nutse, a ƙirga biyar zuwa goma, a ja gajere, kuma a jira har rana ta yi tsaka kafin a fita.

Idan ya kama, kada ka ɗaga sanda sama. Ɗagawa na fizge koton daga bakinsa, kuma kan sanda mai laushi ba ya iya cusa ƙugiya. Ka ja igiya da hannu, ja ɗaya mai tsawo, sanda na kallon kifin, sai ka ji nauyi sannan ka karkata ta gefe. Sakan goma na farko su ne masu haɗari, domin zai nufi kwalbati ko dutse mafi kusa, ka tare shi da gindin sanda ka juya kansa zuwa fili. Yana tsalle yana girgiza kai, to igiya ta zauna a miƙe, sako-sako kaɗan ƙugiyar da ba kunne za ta fita. Yawancinsu laba 1 zuwa 3 ne, mai laba 5 babba ne, mafi girma da aka rubuta a jihar ya ɗan haura laba 9. A riƙe shi da babban yatsa a leɓen ƙasa, ɗaya hannun a jiƙe a ƙarƙashin ciki. Kada a kwantar da shi kan siminti mai zafi.

Daga Afrilu zuwa Satumba suke haihuwa, abin ya fi yawa a Mayu da Yuni. Namiji yakan fitar da tozo a goshi, shi da macen su share wani faffaɗan dutse a kan tudu, ta zuba ƙwai dubbai, su biyun su tsaya gadi, har bayan ƙyanƙyashewa suna raka 'ya'yan. A wannan lokaci kifin ba ci yake yi ba, kora yake yi: zai ɗauki koton da bakin leɓe ya tofar a gefe, ko ya hura shi. Ana iya kama shi da nacin jifa, kuma doka ba ta hana ba. A ganina a bar su. Minti biyu da aka ɗauke uwa ko uba daga kan ƙwai ya isa sauran kifayen magudana su afka musu, kuma akwai isassun kifaye masu farauta a bakin kwalbati na gaba.

Ana bukatar lasisin kamun kifin ruwan daɗi na Fulorida, ana saye ta intanet. Doka ta yarda mutum ya tafi da biyu a rana, ɗaya kaɗai zai iya wuce inci 17, amma yawancin masu wannan fatsa saki suke yi, kuma hukumar lafiya ta jihar tana fitar da gargaɗi kan sinadarin makuri mai guba a kifayen wasu ruwaye, a duba kafin a ci. Gaɓoɓi da yawa bayan gidajen mutane ne, a shiga ta wuraren shaƙatawa da mashigar jama'a. Akwai kada a waɗannan magudanan, don haka kada a shiga ruwa ko a tsuguna a bakinsa a daɗe wajen sakin kifi. A duba ƙasa kafin a tsaya saboda gidajen jar tururuwa mai harbi. Da damina hadari kan haɗu da yamma kusan kullum, sandar kuma tana jan wuta, da ka ji tsawa ka naɗe ka koma mota.