Tarihin Rayuwar James Naismith, Kashi na Uku: Kwana Goma Sha Huɗu a Springfield

A makon jiya mun tsaya inda James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan ƙwallon kwando, maraya ɗan garin Almonte na ƙasar Kanada, ya kammala karatun addini a Montreal, ya tsallaka Amurka ya shiga makarantar horar da ma'aikatan YMCA, wato ƙungiyar samari Kiristoci, da ke Springfield a jihar Massachusetts. A 1891, yana da shekara 30, ya riga ya zama malamin motsa jiki a can.

Sanyin wannan yanki ba na wasa ba ne. Dusar ƙanƙara na rufe fili, dole kowa ya koma cikin zaure. Akwai wani aji mai ɗalibai 18, manyan samari ne da suka gaji da maci da lanƙwashe-lanƙwashen jiki, har malamai biyu suka kasa riƙe su. Shugaban sashen, Dakta Luther Gulick, ya damƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi cikin ɗaki.

Naismith ya fara gwada wasannin fili irin su ƙwallon ƙafa da zari-ruga, abin ya ƙi. Daɓen katako ne, bango na kusa, wanda duk aka kayar sai ya ji a jikinsa. Nan ne basirarsa ta fito, domin ya bi matsalar har tushe. Me ke sa a kayar da mutum? Gudu da ƙwallo a hannu. To a hana gudun, a riƙa jefa wa juna. Me ke sa a yi jifa da ƙarfi? Raga tana ƙasa, mai tsaro na gabanta. To a ɗaga ta sama da kan kowa, bakinta na kallon rufi. Ya tuna wasan ƙuruciyarsu na jifar ƙaramin dutse da aka ɗora kan babba, inda gwani kan lulo jifa sama ta sauko a hankali.

Akwatuna biyu ya nema wajen mai kula da ginin, sai ya samu kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Ya kafa su da ƙusa a katakon baranda, ɗaya a kowane ƙarshen zauren. Tsayin katakon ƙafa 10 ne, wato mita 3.05, kuma har yau a wannan tsayin ake rataye kwando.

Ran 21 ga Disamba 1891 aka buga wasan farko, 'yan wasa tara-tara, da ƙwallon ƙafa. Ci ɗaya tak aka samu. Naismith da bakinsa ya faɗa a wata hira ta rediyo a 1939 cewa wasan ya rikiɗe ya zama dambe, wasu idonsu ya kumbura, wani kafaɗarsa ta goce, wani ma ya suma. Dokokinsa 13, waɗanda aka buga a jaridar makarantar a Janairun 1892, sun yi maganin wannan: babu ture, babu taɗiya, babu riƙo. Wanda ya yi laifi na biyu zai fita har sai an ci ƙwallo, kuma laifi uku a jere daga ɓangare ɗaya ci ne ga abokan karawa. Wasa zagaye biyu ne, minti 15 kowanne, hutu minti 5.

Saura wahalhalu biyu. Kwandon da gindinsa yake, duk ci sai an hau tsani a ciro ƙwallo. Sannan 'yan kallo da ke baranda kan miƙo hannu su kauce da ita, shi ya sa daga baya aka kafa allo a bayan kwandon.

Mako mai zuwa za mu bi shi Denver inda ya karanci likitanci, sannan Jami'ar Kansas a 1898, inda a matsayin koci ya ci wasa 55 aka cinye shi 60.