Duwatsun Murhu Uku na Masu Farautar Ajiya: Daga Siyatil Zuwa Beavercreek

A arewa maso yammacin Amurka akwai wurare uku da masu wasan jiyokashin suke ɗauka kamar duwatsun murhu, idan ɗaya ya ragu tukunya ba ta zauna ba. Na farko hedikwatar wasan ce a birnin Siyatil, na biyu wani akwatin ƙarfe a bayan tsohon ramin jirgin ƙasa na Snoqualmie, na uku kuma bakin wani titi a jihar Oregon inda aka ɓoye ajiya ta farko. Na zaga su cikin kwana uku a watan Agusta, da motar haya. Lokacin yana da muhimmanci, domin ana rufe ramin tun daga 1 ga Nuwamba har zuwa farkon Mayu saboda ƙanƙarar da ke daskarewa a rufinsa.

Wasan kansa mai sauƙin bayani ne. Wani zai ɓoye mazubi da takardar sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin GPS na wurin a shafin Geocaching.com. Kai kuma ka bi GPS ka gano shi, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar da shi yadda ka same shi, sannan ka shigar da rahoto a intanet. Idan ka ɗauki wani abu daga ciki, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi.

Hedikwatar tana unguwar Fremont, kusa da mashigin jiragen ruwa. Ba a shiga cikinta kai tsaye, sai ka nemi lokacin ziyara tun kafin ka taso, kuma ranakun sukan canza, don haka a duba da wuri. Ajiyar da ke ciki ƙaton akwati ne irin na taska, cike da abubuwa masu yawo. Waɗannan su ne suka fi rikita sabon shiga. Ƙananan alamomin ƙarfe ne ko sulalla masu lambar sirri a jiki, kowanne yana da mai shi da kuma burin da aka rubuta masa, misali ya kai wata ƙasa. Ba kayan musaya ba ne. Wanda ya ɗauka dole ya shigar da lambar a shafin, ya kai shi wata ajiyar cikin makonni kaɗan. Yawancin waɗanda suka ɓata a aljihun jakar mutanen kirki suka ɓata, waɗanda suka ɗauka da niyya mai kyau suka manta. Kuma kada a sa hoton lambar a intanet, domin duk wanda ya gan ta zai iya yin rahoton ƙarya a kanta.

Da na fito na bi ajiyoyin unguwar da ƙafa. Cikin gari akasarin abin da za ka samu ƙanana ne. A ma'aunin wasan, mafi ƙanƙanta bai kai mililita 100 ba, ƙarami daga nan zuwa lita 1, matsakaici daga lita 1 zuwa 20, babba kuma abin da ya haura haka. Akwai wani ɗan mitsitsi mai maganaɗisu, girmansa bai wuce kan ɗan yatsa ba, ana manna shi a ƙarƙashin bencin ƙarfe ko bayan allon titi. Takardarsa siririya ce a nannaɗe, ba ta fita sai da matsefata, kuma babu fensir a ciki. Shi ya sa biro biyu da matsefata ba sa barin aljihuna. Ƙaramin madubi ma yana da amfani, ka leƙa ƙarƙashin abu da shi kafin ka cusa hannu inda ido bai gani ba. Wahalar gari ita ce idon jama'a. Idan wani ya gan ka kana ciro mazubi, da ka juya baya zai je ya duba, kuma sau da yawa ƙarshen ajiyar ke nan. Ka ɗauka, ka matsa gefe ka sa hannu, ka jira wurin ya yi shiru kafin ka mayar.

Dogayen gine-gine suna yaudarar GPS, domin saƙon tauraron ɗan'adam yana bugun bango kafin ya iso na'urarka, sai ta nuna ka a tsallaken titi. A fili mai buɗaɗɗiyar sama kuskuren yakan tsaya mita 3 zuwa 5, a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin benaye ya kai 10 ko fiye. Ƙara da kuskuren na'urar wanda ya ɓoye ajiyar a ranar da ya auna. Saboda haka da zarar allo ya ce saura mita 10, ka sauke waya ka ɗaga kai, ka tambayi kanka: in ni ne, ina zan sa shi? Mutanen da suka fi daɗewa suna lalube su ne masu bin kibiya har sai ta nuna sifili. Kibiyar ma, a na'urar da ba ta da kamfas na maganaɗisu, tana sanin alƙibla ne kawai idan kana tafiya. Ka tsaya cak, sai ta fara juyi.

Kashegari da sassafe na hau babbar hanya ta I-90 na nufi gabas, awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Hyak, inda bakin ramin na gabas yake, a kan duwatsun Cascade. Wurin ajiye mota na gandun jiha ne, ana buƙatar takardar izinin da suke kira Discover Pass a gaban gilashi. Tun a masauki na sauke bayanan ajiyar da taswirar yankin a waya, har da alamun taimako da rahotanni biyar na ƙarshe. Rahotannin nan sun fi komai amfani. Idan mutum uku a jere sun rubuta cewa ba su samu ba, akwai yiwuwar mazubin ya tafi, sai ka tsara ranarka da sanin haka.

Kamfanin jirgin ƙasa na Milwaukee Road ne ya haƙa ramin tsakanin 1912 da 1914, jirgi na ƙarshe ya ratsa shi a 1980. Tsawonsa mil 2.3, wajen kilomita 3.7, kuma babu fitila ko ɗaya a ciki. Tun kafin ka kai bakinsa iska mai sanyi take tarbarka, ko da rana tana dukan ƙeya a waje. Ka sa rigar ruwa a kan rigar sanyi, domin rufin yana ɗiga, ƙasa kuma tsakuwa ce da ƙananan kududdufai. Tocila biyu nake ba da shawara, ɗaya ta goshi ɗaya ta hannu, da batir na ajiya. Tocilar waya ba ta isa ba, kuma tana cinye cajin da za ka buƙata a ɗaya gefen. Masu keke suna wucewa da gudu, don haka ka riƙe gefen dama, ka maƙala wani abu mai ƙyalli a bayan jakarka. Bayan ɗan lanƙwasar farko za ka hango wani ɗigon haske can gaba kamar kan allura. Shi ne ƙofar yamma. Za ka yi ta tafiya yana nan yadda yake, kusan minti 50 kafin ya zama ƙofa ta gaske.

A cikin ramin GPS ba ya ganin sama ko kaɗan. Da ka fito kada ka yarda da lambar farko da ya ba ka, ka tsaya minti biyu a fili ya sake kama taurari. Daga nan hanyar tana ci gaba da bin tsohon layin dogo, sai ka ƙara 'yar tafiya kafin ka iso wurin ajiyar.

Wannan ajiyar tana da tarihinta. A 2001 kamfanin 20th Century Fox ya sa aka ɓoye wasu akwatuna a ƙasashe daban-daban don tallar fim ɗin Planet of the Apes, aka sa musu suna Project A.P.E. Sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, yanzu biyu suka rage: wannan, da wani a gandun Intervales na ƙasar Birazil. Wannan ɗin ma ya ɓace a 2011, aka cire shi daga jeri. A 2016 wasu masu wasan suka bazama cikin dajin suka gano ainihin akwatin an jefar da shi, aka mayar da shi aiki a 2017.

Da na buɗe shi, abin da na fara dubawa shi ne bakin murfin. Akwatin harsashin soja ne, kuma dalilin da ya sa irinsa yake shekaru a daji littafi bai jiƙe ba shi ne robar da ke zagaye da murfin da kuma maƙallin da ke danne ta. Yankin nan ruwan sama ba ya ɗaga masa ƙafa, nan ake gane mazubin kirki. Robar abinci mai maƙalli huɗu da zoben roba tana jurewa. Gwangwanin alewa na ƙarfe yana tsatsa cikin damina ɗaya, baƙar robar fim ɗin kyamara tana shan ruwa ta bakin murfi, kwalba kuma tana fashewa. Amma ko mazubi mai kyau yana lalacewa idan mai rufewa ya bar bakin leda ko ɗan ganye ya maƙale a kan robar, domin ta nan ruwa zai riƙa tsiyaya a hankali har takarda ta zama kunu. Ka share bakin da yatsa kafin ka rufe. Ina yawo da ledoji masu zik da 'yan takardun sa hannu busassu saboda irin haka, idan na tarar da jiƙaƙƙiya in ƙara sabuwa, in kuma sanar da mai ajiyar a rahotona.

Zuwa da dawowa ramin kaɗai ya haura kilomita 7, don haka a ware awa uku zuwa huɗu, da ruwan sha lita ɗaya ko fiye. Irin wannan lissafin ne taurarin da ke shafin kowace ajiya suke taimaka maka da shi. Ma'auni biyu ne, wahalar ganowa da wahalar hanya, kowanne daga 1 zuwa 5 da rabi-rabi a tsakani. Hanya mai tauraro 1 keken guragu zai iya zuwa, mai 5 kuwa sai da kayan aiki na musamman, jirgin ruwa ko igiyar hawa.

A hanyar kudu, wajen kilomita 280 kan I-5 zuwa Portland, na tsattsaya don wasu nau'o'in. Ta gargajiya ita ce wadda mazubin yake daidai kan lambobin da aka wallafa. Mai zango-zango kuwa lambobin farko suna kai ka wani allo ko gini ne, ka ƙirga wani abu ko ka karanta shekara, ka sa a lissafi ya ba ka zango na gaba. Kuskuren lamba ɗaya a nan yana da tsada. A tsarin da wasan yake amfani da shi, digiri da minti mai lamba uku bayan ɗigo, lambar ƙarshe ɗaya daidai take da kusan mita 2 a arewa ko kudu, amma ta farko bayan ɗigo ta kai mita 185. Mai wasa ƙwaƙwalwa a gida ake warware ta, lambobin shafinta na bogi ne, ainihin wurin dai ba ya wuce kilomita 3.2 daga gare su. Akwai EarthCache, wadda aka fara a Ostareliya a 2004, ba ta da mazubi sam, sai ka je ka dubi dutse ko ƙasa ka aika wa mai ita amsoshin tambayoyinsa. Ita ce na fi so, domin tana tilasta maka kallon wurin da ka zo. Akwai kuma mai hatimi a ciki, gadon wani tsohon wasa da ya faro a Dartmoor ta Ingila a 1854. Hatimin na akwatin ne, ka buga a littafinka ka mayar.

Daga Portland ƙasa da awa ɗaya ne zuwa wuri na uku, ta cikin gonaki da dazuzzukan katako, gabas da Beavercreek. Lambobinsa N 45° 17.460 W 122° 24.800. A nan ma a kula da tsarin rubutu. Wanda ya shigar da 45.17460 a manhajar taswira yana zaton ɗaya ne, ya sauka kusan kilomita 13 kudu da wurin, domin minti 17.460 a tsarin digiri zalla 0.291 ne. Na'urar kuma ta kasance a kan WGS84, ma'aunin taswirar da GPS ke aiki da shi.

Har zuwa farkon Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon GPS na farar hula, kuskuren yakan kai mita 100. A ranar 2 ga wata aka kashe wannan gurɓatawar bisa umarnin Shugaba Bill Clinton. Washegari, 3 ga Mayu, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya kawo baƙin bokitin roba nan don ya gwada sabon daidaiton. Ya zuba littafin sa hannu, kaset ɗin bidiyo, faifan kwamfuta, 'yan daloli, danƙon harbi da gwangwanin wake, ya wallafa lambobin. Mike Teague ne ya fara gano shi. Kafin watan ya ƙare Matt Stum ya ba wasan sunan da yake amsawa yau, a ranar 2 ga Satumba kuma Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com da ajiyoyi 75. Yanzu sun haura miliyan uku.

Abubuwa biyu da Ulmer ya yi, dokokin yau sun hana su. Ya ɗan binne bokitin a ƙasa, alhali yanzu ba a yarda a haƙa rami ba. Ya kuma sa abinci, wanda ke jawo dabbobi su tauna mazubi. Daga baya aka ƙara da tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya, da neman izinin mai fili. Bokitin kansa injin yankan ciyawar gefen titi ne ya farfasa shi. Gwangwanin waken ya tsira, an mai da shi abu mai yawo da ake kaiwa tarukan masu wasan.

Wurin ba shi da wani kwarjini. Titi ne siriri mai lanƙwasa, da ɗan fili da zai ɗauki mota biyu ko uku, kuma motoci suna fitowa daga kwanar ba tare da tsammanin mutum ba, don haka a shigar da mota sosai, a kama hannun yara. Allon tunawa na ƙarfe da aka kafa a 2003 yana kwance a ƙasa cikin siminti, 'yan taku kaɗan daga kwalta. Al'adar masu zuwa ita ce su ɗora na'urarsu a kansa na ɗan lokaci. Na ɗora tawa, na bar ta ta natsu a ƙarƙashin dogayen itatuwan nan, ta ce saura mita 4. Ganin allon kaɗai ba ya zama samu, sai an sa hannu, littafin kuwa yana cikin akwati a ɗan sama da wurin, cikin itatuwa. Na hau na rubuta suna da kwanan wata, na share bakin murfin, na danne maƙallin har ya yi ƙara.