Ciyar da masu tace ruwa a tankin murjani

Halittun teku irin su ƙumba, soso da tsutsa mai gashin fuka-fuki ba sa farautar abinci, ruwa suke tacewa. Abincinsu ƙananan gansakukar teku ne da ido ba ya gani, irin su Nannochloropsis da Tetraselmis. A haɗa biyun ya fi, domin girman ƙwayoyinsu ya bambanta, kowace halitta da wanda take iya kamawa.

Fara da mililita 1 na ruwan gansakuka mai rai da ke zuwa a kwalba ga kowace lita 40 ta ruwan tanki, sau uku a mako. Girgiza kwalbar, ka kashe na'urar da ke cire datti ta hanyar kumfa da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin halitta na awa ɗaya, amma ka bar famfon da ke juya ruwa, sannan ka zuba da sirinji inda ruwan ke gudu.

Ajiyar gansakukar ce babbar matsalarmu a Abuja. Firji take so, ba firiza ba, kuma a riƙa girgiza ta kullum don kada ta kwanta ta ruɓe. Idan aka ɗauke wuta a zafin Maris, sansana kafin ka zuba. In tana wari, ta mutu, zubar da ita.

Gilashin tankin ya fara kore da wuri? Auna nitret da fosfet, wato sinadaran da ke ciyar da gansakuka a ruwa, ka rage rabin abin da kake zubawa.