Tsabar zinariyar Agirifina

Yau na ci karo da hoton wata tsabar zinariya da aka buga a Rum a ƙarshen shekarar 54 miladiyya, na kasa ɗauke ido. Fuskoki biyu ne suna kallon juna, hanci ya kusa taɓa hanci: sarki Nero mai shekara 16, da uwarsa Agirifina. Sunan uwar ne a gaban kuɗin, na sarkin kuwa sai ka juya baya za ka gani. Ba banza ba. Ita ta auri sarki Kalaudiyus, wanda Nero ya gada, a shekarar 49, ta sa ya ɗauki Nero ɗa a 50, ta dawo da masanin falsafa Seneka daga gudun hijira ya karantar da yaron, ta ɗora wani hafsan soja mai suna Burus a kan dakarun fada. Mace ba ta shiga majalisar dattawa, sai aka riƙa zaman a fada, tana saurare ta bayan labule.

Amma dubi kuɗin da aka buga a shekarar 55: an jera fuskokin, ta ɗan a gaba, sunanta ya koma baya. A shekarar aka tsige Falas, mutuminta mai riƙe da baitulmali, aka janye masu gadinta, aka fitar da ita daga fada. Ba ta da muƙamin da doka ta sani balle ta kai ƙara, ƙarfinta duk aro ne daga ɗa. A 59 ya sa aka kashe ta. Ni dai tsabar farkon nan ce ta tsaya mini a rai, kallon da suke wa juna.