Takin da ke da rai: yadda muke sayar da shi ga manoman waken soya

Cikin kayan shagonmu babu mai wuyar ajiya kamar baƙin garin nan da ake shafa wa irin waken soya. Buhun yuriya zai shekara a sito bai damu ba. Wannan kuwa rai gare shi: ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Rhizobium, masu shiga saiwar wake su yi 'yan gudaji, su riƙa janyo naitirojin daga iska suna ciyar da shuka. Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne Nodumax, na IITA, cibiyar binciken aikin gona da ke Ibadan.

Zafi ne babban makashinsa. Ba ma baje shi a tebur bakin shago. Ɗaki mai sanyi yake zama, kuma fakitin da wa'adinsa ya wuce ba ya fita hannunmu.

Fakitin giram 100 yana isar kilo 10 na iri. A zuba irin a roba, a inuwa, a yayyafa masa ruwan ƙaro ko na sukari kamar ƙaramin kofi, ya ɗan yi danshi kawai. Idan ruwa ya yi yawa, ɓawon waken saɓulewa yake. Sai a barbaɗa garin, a juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya minti kaɗan a inuwa, a shuka ranar nan a ƙasa mai laima.

Mafi yawan masu dawo mana da ƙorafi, ko dai sun bar irin a rana, ko sun gauraya shi da maganin iri, ko sun zuba yuriya da yawa. Shukar da ta samu naitirojin a sauƙaƙe ba ta damuwa da yin gudaji. Abin da take buƙata shi ne takin Super, saboda fosfaros.

Bayan mako 6, manomi ya tono gindi ɗaya, ya fasa gudajin da farce. Ja-ja a ciki, aiki na tafiya. Fari ko kore, babu abin da suke yi.

Waken soya kusan kashi 40 cikin 100 furotin ne, kuma naitirojin ɗin nan ne tubalinsa. Furotin ɗin ne ke shiga awara, madarar soya da kunun yaye. Idan aka bar ganye da saiwa a gona, masarar baɗi ma tana samun rabonta.