Kwabon da ya ɓatar da ni wata uku a kan kwamfutar kwantum

Har yau idan na tuna tambayar yarinyar nan sai raina ya sosu. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare, kuma ni ne na kawo maganar kwamfutar kwantum a ƙungiyar ɗalibai ta ranar Laraba, ba wanda ya sa ni. Na tsaya gaban allo na faɗa musu abin da na tsinta a bidiyoyin intanet: bit na kwamfutar yau ko 0 ne ko 1, shi kuwa kiyubit, wato bit na kwamfutar kwantum, kamar kwabo ne da aka wulla sama yana juyi, 0 ne kuma 1 ne a lokaci guda, saboda haka injin yana gwada dukkan amsoshi tare. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan ya gwada duka, ta yaya za mu gane wacce ce daidai a cikinsu?" Na yi 'yan kame-kame na ce za mu dawo kanta. Gaskiyar magana ba ni da amsa, kuma a lokacin na kai wata uku ina maimaita wannan misali na kwabo.

A daren na sauke Qiskit, manhajar gwada lissafin kwantum, na fara gwaji da Python. Na sa kiyubit ɗaya a 0, na bi da shi ta ƙofar Hadamard (ƙofa mataki ne na lissafi da ke sauya yanayin kiyubit), na auna sau 1024. Kusan rabi ya ba da 0, rabi 1. Na ce to ga kwabona nan. Sai na ƙara ƙofar Hadamard ta biyu bayan ta farko, ina jiran rabi da rabi kuma, tunda kwabon da ka wulla sau biyu bai daina zama na sa'a ba. Sau 1024 ɗin nan gaba ɗaya 0 ya fito. Na ɗauka na yi kuskure a rubutun, na goge na sake har sau uku. Ba kuskure ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bayanin bai fi layi biyar ba a takarda, kuma lissafi ne da na riga na sani. Kiyubit yana riƙe da lambobi biyu ne, ɗaya nauyin 0, ɗaya nauyin 1, kuma sai ka ninka nauyi da kansa kake samun yiwuwar fitowarsa. Bayan Hadamard ta farko kowanne yana da kusan 0.707, wanda idan ya ninka kansa ya zama rabi. Amma nauyin nan yana iya zama da alamar ragi, abin da yiwuwar kwabo ba ta taɓa yi. A Hadamard ta biyu, hanyoyi biyu da ke kaiwa ga 0 suna kawo rabi da rabi, su haɗu su cika ɗaya. Biyun da ke kaiwa ga 1 kuwa ɗaya rabi ce, ɗaya rabi mai ragi, sai su cinye juna. Duk cinikin a nan yake: ka tsara ƙofofi yadda amsoshin banza za su soke junansu, ta gaskiya ta ƙara nauyi, domin ranar awo amsa ɗaya tak za ka gani, sauran sun tafi. Tambayar yarinyar ke nan, kuma misalin kwabo ba shi da wurin ajiye alamar ragi.

Da na lura tun farko, ai alamar tana gabana. Dabarar binciken da Lov Grover ya fitar a 1996 tana buƙatar matakai ɗari bakwai da wani abu don gano abu ɗaya cikin miliyan ɗaya da ba a jera ba. Da injin yana duba komai tare ya miƙo amsa, me zai kai shi ɗaruruwan matakai? Ita ma dabarar Peter Shor ta 1994 ta gano lambobin da aka ninka aka samu wata babbar lamba, wadda ke tayar da hankalin masu tsaron bayanai, ƙarfinta daga wannan sokewar yake zuwa. Na karanta sunayen mutanen nan sau da yawa, har da jawabin Richard Feynman na 1981 da injin Google mai kiyubit 53 na 2019, ina ta haddace tarihi alhali ban taɓa ninka matiriks (teburin lambobi) mai layi biyu da hannuna a kan batun ba.

Duk mai son farawa, don Allah ya rufe bidiyoyin nan na mako biyu. Ya samu biro da takarda, ya tuna ninkin matiriks, ya rubuta Hadamard da kansa ya ninka ta sau biyu. Ba sai ka iya fiziks mai zurfi ba kafin ka kai nan. Kuma duk misalin da aka ba ka, kwabo ne ko kyanwa a akwati, tambayi mai bayarwa ina ragin yake shiga.

Daga baya na tura tsarin ƙofofi na kiyubit biyu masu sarƙe da juna, wato sakamakon awonsu a ɗaure yake da juna, zuwa injin gaske na IBM ta intanet, abin da kamfanin ya buɗe wa jama'a tun 2016. A lissafi 00 da 11 kaɗai ya kamata su fito, amma 'yan 01 da 10 sun leƙo, saboda injin na gaske yana da hayaniya, wato abubuwan da ke jawo ƙananan kurakurai, duk da sanyin da ake ajiye shi a ciki, wanda ya kusa ƙarshen sanyin da zai yiwu. Wannan bai dame ni ba, na ma ji daɗin ganinsa.

Laraba ta gaba na koma na ce wa yaran abin da na koya musu ba daidai ba ne. Na kira yarinyar gaban allo na ba ta alli, ita ta rubuta rabi da rabi mai ragi, ta ja layi ta sa sifili. Biyu daga cikin waɗanda suka ji darasin kwabo sun riga sun bar ƙungiyar kafin ranar, kuma har yanzu ban same su na gyara musu ba.